Lahadin da Babu Bes

Litinin, ƙarfe tara na safe

Ban je makaranta ba. Na kira shugabarmu na ce kaina ke ciwo, ta ce ba komai, 'yan ajina su yi zane yau maimakon kiɗa.

Bes ɗin Yaya, ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya da ake bugawa a tsaye, yana ɗakina. Dogo, mai gangarmu, shi ya ɗauko shi jiya da yamma a bayan motarsa, ya hau bene da shi yana haki. Ya ce ba zai kai shi gidan Yaya ba, kada Anti, matar Yaya, ta buɗe ƙofa ta ga kaya ba mai kaya. Mun jingina shi bayan ƙofa. Tsayinsa ya ɗara na mutum. Duk na juyo sai in ga kamar wani ne tsaye yana jiran in gama abin da nake yi.

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban fara canza shi a kaina ba. Mu uku ne muke kiɗan jaz a ɗakin cin abinci na otal duk Lahadi da rana: Yaya a bes, Dogo a ganga, ni a gita. Jiya muna tsakiyar waƙar nan mai sanyi da Yaya ya tsara bara, lokacin solona ne, wato inda gitata ke jan waƙar, idona a rufe, sai na ji ƙasa ta tafi, sautin bes ya ɗauke. Na buɗe ido. Yaya yana kwantar da bes a hankali, kamar mai kwantar da jaririn da barci ya ɗauke. Ya gyara wuyan rigarsa, ya bi ta ƙofar kicin. Na ɗauka cikinsa ne ya juya. Na ci gaba da bugawa. Mutane suna ta cin abincinsu, cokula suna ƙara.

Wayarsa tana aljihun jakar bes. Tun asuba take haske tana mutuwa. Duk Anti ce. Sai da na kira ta na ce ta bari, wayar tana wurina.

Litinin, la'asar

Bai koma gida ba. Dogo yana ta zagaye da mota.

Talata, sha ɗaya na safe

An same shi. Da ransa.

Talata, da yamma

Ba zan rubuta wurin ba. Dogo ne ya je, shi da wani mai gadi da ya ga Yaya tun da sassafe ya ƙi matsawa daga kusa da shi. Da Dogo ya zo gaya min, wandonsa a jiƙe yake har cinya. Ya zauna a kujerata bai ma lura ba. Na ba shi shayi, ya riƙe kofin har ya huce. Na ce, me Yaya ya ce?

Ya ce, "Ya tambaye ni ko mun ƙarasa waƙar."

"Ka ce masa me?"

"Na ce mun ƙarasa. To me zan ce?"

Yana asibiti, ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke can baya, bayan wurin ajiye motoci. Likita ya ce Anti kaɗai za ta riƙa shiga tukuna.

Laraba, da rana

Na je wurin Mama. Mun shirya da Anti za mu ce zazzaɓi ne mai zafi. Mama tana guga, ba ta ɗago ba ta ce, "Zazzaɓin da ba a kai wa abinci, ba a zuwa dubiya?" Na ce likita ne ya hana. Ta juya rigar ta goge hannu ɗaya, ta goge ɗayan, ta sake komawa na farko. Can ta ce, "Allah ya ba shi lafiya." Ba ta ƙara tambaya ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Manajan otal ya kira, yana son ya san ko muna nan ranar Lahadi. Dogo ya ce ya san wani mai bes da ke neman wuri. Na ce babu wanda zai tsaya a wurin Yaya. Ya ce, "To mu biyu? Gita da ganga? Wa zai riƙe miki ƙasa?" Na ce ni.

Bayan ya ajiye waya na ɗauki gita, na kunna ɗaukar sauti a waya, na buga waƙar Yaya daga farko zuwa ƙarshe. Da na saurara, kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. Babu waƙa a ciki. Wata ce kawai take hawa bene tana sauka da gudu kamar ta yar da makulli.

Sikel ne. Sikel kawai nake yi, do re mi fa, sauti bayan sauti, ban tsallake kowa ba, ban tsaya wurin kowa ba. Shekara da shekaru haka nake, kuma yana daɗi, don Yaya yana ƙasa yana faɗa wa kunnen mutane inda muke. Duk sanda kod ya canza, wato sautukan nan da ake bugawa tare su zama shimfiɗar waƙa, shi ke taka tushensa. Ni sai yawo a sama.

Tun ina 'yar makaranta yake min wannan faɗan. Ya zaunar da ni a kan buhun shinkafar Mama a sito, don nan ne kaɗai ba a korarmu, ya ce, "Sikel duk mutanen layi ne. Arfejiyo 'yan gida ne. Ki warware kod ɗin ki kira 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya: na ɗaya, na uku, na biyar, na bakwai. In kika kira su, ko ba kowa a bayanki, mai sauraro zai san gidan da kika shiga." Ni kuwa in ce arfejiyo aikin tsofaffi ne, ba ya gudu. Ya ce, "Ina za ki da gudu, ana binki ne?"

Juma'a, bayan makaranta

Arfejiyo. Kod ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai koyon tafiya. Ɗan yatsana ƙarami ya ƙi miƙewa.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Akwai abin da ban rubuta ba jiya. Ina cikin bugawa na ji bes ya amsa. Ƙasa-ƙasa, dogon sauti, daga bayan ƙofa. Na tsaya, ya ɗan ja sannan ya mutu. Na sake buga wurin, ya sake amsawa.

Na san dalili. Ni nake koya wa yara wannan: in ka buga sauti kusa da tsirkiyar da aka ɗaure a kan irinsa, za ta motsa da kanta. Na san haka sarai. Duk da haka sai da na fita baranda na tsaya ina kallon masu wankin mota. Da na dawo na cusa ɗankwali tsakanin tsirkiyoyinsa. Ina cusawa na ji bakina ya ce, "Yi haƙuri."

Lahadi, da yamma

Mun yi. Ba daɗi.

Ma'aikatan otal sun ajiye tukunyar fure a inda Yaya yake tsayawa, wai don kada wurin ya yi fili. Wata mata da ke zuwa kullum da mijinta ta tsaya ta ce, "Ina mai babbar gitar nan?" Dogo ya ce ya yi tafiya. Ta ce a gaishe shi, shi kaɗai ne ke murmushi a cikinmu.

Ban taɓa lura yana murmushi ba. Idona a rufe yake.

Talata, ƙarfe huɗu

Likita ya yarda in je. Na tafi da ƙaramar gitata, wadda ba ta buƙatar lasifika, na ce ko zai so ya ji wani abu. Nas ɗin da ke bakin ƙofa, wata babba mai tabarau, ta dubi jakar ta ce me ke ciki. Na buɗe. Ta ɗora yatsa a kan tsirkiya ɗaya ta ce, "Wannan ba za ta shiga ba, 'yata." Na ce ba ta da ƙara. Ta ce, "Ba ƙarar ba ce."

A bayanta akwai kwando cike da bel, da igiyoyin takalma, da wayoyin caji, kowanne da 'yar takarda a maƙale. Na gane bel ɗin Yaya. Ni na saya masa.

Na bar gitar a wurinta na shiga. Yana kwance ya ba ƙofa baya. Anti ta ce barci yake. Ƙafarsa ba ta yi kama da ta mai barci ba. Na zauna na ɗan jima ina kallon ƙeyarsa, na ga furfurar da ban san da ita ba, na fito.

Laraba, da safe

Bes yana nan bayan ƙofa.

Alhamis, da rana

Anti ta zo ɗakina ta karɓi wayarsa. Ta zauna a bakin gado ba ta cire takalmi ba. Ta ce wai satin da ya wuce kafin abin, ya gyara ƙofar banɗakin da take masa magana tun bara, ya canza ƙwan fitilar baranda, ya nuna mata inda ake rufe ruwan gidan. "Ni ina ta murna, na ce mutumin nan ya shiryu." Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba.

Ban gaya mata nawa ba. Amma ranar Asabar ɗin nan, kwana ɗaya kafin, ya zo nan ya karɓi gitata ya canza mata tsirkiya gaba ɗaya, alhali tsofaffin ba su mutu ba. Yana ɗaurewa ya ce, "Waɗannan masu daɗewa ne." Su nake bugawa yanzu. Har yau ba su saki ba.

Da za ta tafi ta tsaya gaban bes ɗin, ta ga ɗankwalin, ta dube ni. Ta gyara masa zama kaɗan, ta fita.

Juma'a, bayan makaranta

Yau 'yan aji ɗaya suna rera do re mi, suka kai ti suka tsaya don ban ɗaga hannu ba. Suna jira in ba su do na ƙarshe, ni kuma ina kallon taga. Wata a gaba ta ce, "Malama, saura ɗaya." Na ce na sani.

Asabar, la'asar

Na fara gane wani abu. In na sauka a kan na uku daidai lokacin da kod ya canza, kunne yana jin canjin ko babu kowa a ƙasa. Na bakwai na wannan kod, taku ɗaya ne kawai tsakaninsa da na uku na mai zuwa, kamar maƙwabta masu katanga ɗaya. Sikel kuma ba a yar da shi ba, shi ne hanyar da ake bi daga wannan ƙofa zuwa waccan. Duk Yaya ya faɗa min wannan. Da bakinsa, ba sau ɗaya ba.

Na buga wa Dogo a waya. Ya ce, "Yanzu na ji waƙa. Da can na ɗauka ɓera ne ya shiga gitar."

Gaɓar tsakiya ce kawai ta ƙi. A nan kod yake canzawa da sauri, biyu-biyu, kuma nan ne nake ranar da na buɗe ido. Ina isowa sai hannuna ya koma gudu.

Lahadi, da yamma

Da dama-dama. Mun tsallake waƙar Yaya.

Talata, ƙarfe biyar

Na je. Ya juyo wannan karon. Ya ce, "Ƙanwata." Na ce, "Yaya." Maganin ya sa harshensa nauyi. Ya tambayi Mama, na ce tana gaishe shi. Ya dubi hannuwansa ya ce ƙantar yatsunsa ta fara laushi. Shi ke nan abin da muka ce.

Alhamis, da safe

Na yi mafarki ina otal, tukunyar furen tana bin mu da bes, daidai, ba kuskure, kowa yana tafi. Na farka da ciwon muƙamuƙi.

Lahadi, da yamma

Yau an yi mana tafi na gaske, har wani ya ajiye cokali. Na ji hannuna ya san hanya. Na kira 'yan gida ɗaya bayan ɗaya, suka amsa. Dogo yana ta min kallon gefe yana washe baki.

Da muna naɗe wayoyi manaja ya zo ya ce, "Gaskiya haka ma ya fi tsafta. Ba cunkoso. Ku ci gaba a haka." Na ce na gode. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har na sauko bene ina jin daɗin. A mota Dogo bai kunna rediyo ba, ni ma ban ce ya kunna ba.

Waƙar Yaya mun sake tsallake ta.

Laraba, da yamma

Zan rubuta wannan duka, ko hannuna zai gaji.

Yau sun bar shi ya fito tsakar ɓangaren, inda akwai benci da wata bishiya da aka yanke wa ƙananan rassa. Ya yi aski. Ya fi kama da kansa. Anti ta tafi karɓo magani, muka rage mu biyu, nas mai tabarau tana daga nesa tana kallo kamar ba ta kallo.

Ya ce, "Kuna zuwa otal?"

Na ce muna zuwa.

"Wa Dogo ya samo?"

Na ce ba kowa, mu biyu ne. Sai bakina ya ɓalle. Na ba shi labarin na uku da na bakwai, da yadda na zauna da arfejiyo kamar yadda ya daɗe yana cewa, da mutumin da ya ajiye cokali. Har abin da manaja ya ce na faɗa. So nake ya ji daɗi. So nake ya ce ƙanwarsa ta ji magana.

Ya gyaɗa kai a hankali. Fuskarsa ta saki, irin sakin da ban so ba, kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya ce, "To madalla. Ashe ana iya yi ba ni."

Bai faɗa da ɗaci ba. Da kwanciyar hankali ya faɗa, yana kallon bishiyar. Na san wannan muryar. Da ita ya ce min tsirkiyoyin masu daɗewa ne.

Na ce, "Ba a iya yi."

Ya ce, "Yanzu kika ce an yi tafi."

Na ce, "Masu cin abinci ne, Yaya, ko kujera ta faɗi a kan bugu za su tafa." Na ce waƙarsa ba mu sake buga ta ba tun ranar. Na ce gaɓar tsakiya ta fi ƙarfina, duk na iso sai in ɓata, na gwada ta kowace hanya, na rasa yadda zan yi. Gaskiya ce, ba ƙari.

Wani majiyyaci ya wuce mu yana jan silifa. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Me kike bugawa a wurin?"

Na rera masa da baki, ƙasa-ƙasa.

Ya ɓata fuska. Wallahi ya ɓata fuska, irin ta sito, irin ta kan buhun shinkafa. Ya ce, "Daga tushe kike farawa kowane kod. Shi ya sa ba ki isa da wuri. Lokaci ba zai jira ki gaisa da kowa ba. Kawo hannu."

Na miƙa masa hannun dama. Ya ce, "Wannan ne wuyan gita?" Na ba shi na hagu. Ya kama damtsena ya mai da shi wuyan gita, ya ɗora yatsunsa huɗu. Sun yi laushi, gaskiya ne. Ya ce, "Fara daga na uku. Ki hau zuwa na bakwai, ki zame taku ɗaya, kin riga kin shiga na gaba. Kada ki koma ƙasa. Ƙasa ba aikinki ba ne." Ya danna, ya danna, ya zame. Ya sake. Ya ce in rera yana dannawa. Na yi kuskure, ya ce, "A'a. Sake."

Muna haka nas ta zo ta ce lokaci ya yi. Ya saki hannuna. Ya miƙe, ya ɗan tsaya, ya ce, "Ki gwada. Ban tabbata zai zauna a kod na ƙarshe ba, sai an ji. Yaushe za ki dawo?"

Na ce Asabar.

Ya ce, "To ki zo ki gaya min."

A bakin ƙofa nas ta ce min tun da aka kawo shi yau ne ya fara tambayar wata rana.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Shatin yatsunsa ya ɓace daga damtsena, amma na riƙe wuraren.

Juma'a, bayan makaranta

Ya zauna. Kod uku na farko sun wuce sumul kamar ba su taɓa ba ni wahala ba. Na ƙarshen ne, kamar yadda ya yi zato, bai zauna ba. Akwai sauti ɗaya da ke karo da waƙar, na juya shi ta ko'ina ya ƙi.

Na kira Dogo na buga masa. Ya ce, "Ai in kika ɗan zauna da shi yau za ki gano, kaɗan ya rage." Na ce na sani. Na ce a haka zan kai wa Yaya. Ya ce, "Gobe ƙarfe nawa? In kai ki."

Na mai da gitar jakarta na ja zif. Na biya wurin Mama na ce mata gobe zan ga Yaya, in tana da saƙo. Ta shiga ɗaki ta fito da rigarsa a goge, a ninke. Ta ce, "Ki duba, na cire igiyar wuyan. Za su bari ta shiga."